Usur a Kan Tabarma

Shafi na 19

Ranar da jinin Kaemo ya zuba a filin Tindu, ranar ce komai ya canza.

Ba wani jini ba ne mai yawa. Bugun kusurwa aka yi, yaron ya tashi sama ya sa kai, ƙwallo ta shiga raga, gwiwar hannun ɗan bayan abokan karawa kuma ta shiga girarsa. Kafin 'yan kallo su gama ihu likitar ƙungiya ta ɗinke wurin. Da wannan cin ne 'yan ƙasa da shekara sha bakwai na makarantar ƙwallo ta Tindu da ke birnin Numeya suka kai wasan ƙarshe, wanda za a buga Asabar mai zuwa a gaban wani Bafaranshe da aka turo musamman ya duba yara. Kowa ya san wanda zai duba.

Koci Josue ya tara su a ɗakin canza kaya ya ce, "Kowa ya ga ƙwallo. Babu wanda ya ga jini. Kun ji?"

Suka ce sun ji.

Sun kuwa ji. Babu wanda ya buɗe baki. Petelo gola dai ya ɗora bidiyon a waya, ya sa masa kiɗa, ya rage masa gudu daidai inda jinin yake gangarowa zuwa haɓa, wai don ya fi kyau. Kafin a fito daga coci washegari duk tsibirin Lifu ya gani.

A al'adar Lifu, tsibirin su Kaemo, jinin yaro na kawunsa ne. Uba ya ba da suna da ƙasa, amma ɗan'uwan uwa ne ya hura wa jariri numfashi a kunne, kuma duk ɗigon da ya zuba sai an je an faɗa masa, kai a sunkuye, da yadi a hannu. Josue ma ɗan Lifu ne. Ya san wannan tun kafin ya san dokar satar gida.

Matsalar ita ce kawun Kaemo shi ne Barnabe, yayan marigayiya Waimalo, matar Josue. Tun ranar jana'izarta magana ba ta sake haɗa su ba.

Barnabe bai yi waya ba, bai yi faɗa ba. Ya hau jirgi ya zo Numeya, ya shiga masaukin yaran suna karyawa, ya dubi girar, ya ce, "Ɗauko jakarka." Shi ke nan. Babu mai gadin da zai tsaya tsakanin yaro da kawunsa.

*

Soane ne ya kai Josue filin jirgi a motar ƙungiya, zai bi su Lifu. Shi ne uban Petelo, ƙaton mutumin tsibirin Walis mai dariya kamar ana mirgina ganga. Da can shi ne mataimakin Josue, har zuwa shekarar da Petelo ya girma ya shigo ajinsu. Josue ne da kansa ya kafa dokar tun ranar da aka buɗe makarantar: uba ba ya zama a bencin da ɗansa ke bugawa. Ko koci, ko mataimaki, ko mai ɗaukar ruwa. Da dokar ta biyo ta kan Soane bai ɗaga masa ƙafa ba. Ya tura shi ajin 'yan shekara takwas, inda rabin aikin ɗaure igiyar takalmi ne.

"Me ka saya masa?" in ji Soane, yana hararar ledar da ke cinyar Josue.

"Yadi. Taba. Ashana."

"Mutumin da ya daina shan taba tun kafin a haifi ɗana?"

"Ba don ya sha ake ba shi ba."

"Na sani, Koci. Mu ma muna da al'ada a Walis, ba daga kwali aka fito da mu ba. Cewa nake ka haɗa da ban haƙuri. Shi ne ban gani a ledar ba."

"Haƙurin me? Gira ce ta fashe. Da a gonar doya yake, da adda ce za ta sare shi, kuma babu Bafaranshen da zai zo kallo."

"To, madalla. In da haka za ka buɗe jawabin, bari in jira ka a nan. Jirgin da ya kai ka shi zai dawo da kai."

"Da yaron zan dawo."

"Allah ya sa. Don jiya a atisaye kamar an zare musu batir. Wancan ɗan tsibirin Mare da ka sa a gaba ya buga ƙwallo ta faɗa bayan gidan mai."

"Ka gaya wa ɗanka in na dawo zai zagaya fili har sai waya ta fita daga ransa."

"Ka gaya masa da kanka. Ni ubansa ne kawai. Doka ta hana ni."

Josue bai yi dariya ba. Ba ya dariya a kan dokar, don ita ce abin da ya fi alfahari da shi. A ƙasar da kowane koci ke da ɗan ƙane da ɗan yaya da ɗan maƙwabcin inna, ita ce ta sa iyaye suka yarda su sako masa 'ya'yansu daga tsibirai.

A cikin jirgi ya jera hujjojinsa. Bai taɓa faɗuwa a gardama ba, in ban da da mutum ɗaya, Waimalo, ita kuma ta mutu ta bar shi da sauran maganar a baki.

*

Gidan Barnabe bai canza ba. Ciyawa a aske, layin furanni, ɗakin jinka mai gajeriyar ƙofa a tsakiya. Kaemo na zaune a gindin ɗakin a kan kujerar kankarar kwakwa, kwano a gabansa, filasta a gira, takalman ƙwallonsa a rataye a wuya da igiyarsu.

Da ya ga Josue ya miƙe da sauri har kwanon ya kife.

"Koci!"

"Haka kake riƙe ƙwallo ma. Mu ga girar."

Yaron ya sunkuyo, don ya riga ya fi shi tsawo. Josue ya danna gefen ɗinkin da babban yatsa.

"Zafi?"

"A'a."

"Ƙarya. Amma za ka buga. Ka yi gudu yau?"

"Har bakin teku, na dawo. Kawu ya ce in ina da ƙarfin banza in kai shi gona."

"Takalman nan fa? Sarƙar amarya ce?"

Kaemo ya yi murmushi ya kama su. "Ƙannena ke sacewa. Jiya na tarar da ɗaya ya sa ƙafa biyu a ɗaya." Ya ɗago ido. "Koci, ɗaukata ka zo?"

"Lamba tara na zo ɗauka. In ka san inda yake ka gaya masa."

"Za ka shiga wurin Kawu."

"Da shi na zo."

"Har ciki? Ka zauna?"

"A'a, ta rufi zan leƙa. Wace irin tambaya ce wannan?"

Yaron ya dubi ƙasa. Fuskarsa ta yi wani haske da Josue bai taɓa gani ba, ko ranar da ya ci uku.

"Akwai abin da za ka faɗa masa ke nan. Bayan na ƙwallo."

"Me ya rage bayan ƙwallo?"

Kaemo ya kau da kai. Ya koma ya zauna, ya tattara kwakwar da ta zube, ya ci gaba da kankara.

Marceline matar Barnabe ta leƙo daga madafa, hannu duk madarar kwakwa.

"Iye! Yau gari zai yi ruwa. Mijin Waimalo ya tuna hanya. Ka rame, Josue. Littafi kake ci da dare?"

"Sannu da gida, Yaya Marceline."

"Riƙe sannunka. Shiga, yana ciki. Ka sunkuya da kyau, ƙofar ba ta ƙara tsawo ba don ka zama koci."

*

Ya sunkuya ya shiga.

Barnabe na zaune a kan tabarma, bayansa jingine da ginshiƙin tsakiya, tabarau a goshi. Tsohon shugaban makaranta ne. Aji ɗaya suka yi da Josue, littattafai ɗaya suka karanta, kuma tun a lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan shafi ɗaya ba.

Josue ya zauna, ya shimfiɗa yadin a tsakaninsu, ya ɗora taba da ashana a kai. Ya sauke idonsa ya faɗi abin da ake faɗa: ya ƙasƙantar da kansa a gaban gidan, a gaban na raye da waɗanda suka riga, ya zo ya sanar cewa jinin gidan nan ya zuba a hannunsa.

Sannan ya jira.

In mai gida ya ɗora hannu a kan yadin, an karɓa. Hannuwan Barnabe suna kan gwiwoyinsa.

A waje ana jin kankarar kwakwa, ƙar, ƙar, ƙar.

"Ka iya karatun," in ji Barnabe. "Ba ka manta ko kalma ɗaya ba. Kawai dai ka makara. Jikata ce ta riga ka, a waya, da kiɗa."

"Na yi kuskure, Yaya."

"Ba kuskure ba ne. Kuskure shi ne mutum ya zuba gishiri a kofi. Kai tara yara ka yi ka ce su ɓoye mini."

"Don na san za ka yi abin da ka yi."

"Wato ka san haƙƙina ne, shi ya sa."

"Na san za ka ɗauke shi ana saura kwanaki kaɗan."

"Ga shi na ɗauke. Ka ga wayonka ya yi aiki."

Josue ya ɗago kai. Ya gama sunkuyon da al'ada ta ce a yi.

"Bari in faɗa maka abin da ke gabanmu, tunda ba ka zuwa kallo. Na horar da yara fiye da yadda zan iya tuna sunayensu. Masu gudu sun zo, masu ƙarfi sun zo, masu wayo sun zo. Irin wannan sau ɗaya ake samu. Yana ganin inda ƙwallo za ta faɗi tun tana ƙafar wani. Mutumin nan da zai zo ranar Asabar ba zai sake zuwa ba. Nisan duniya ne. In ya zauna bai ga yaron ba, zai ci kifi, ya ɗauki hoton teku, ya koma. Baɗi Kaemo ya wuce shekarun da suke ɗauka. Ka hukunta ni yadda kake so. Amma kar ka sa shi ya biya."

"Ka gama?"

"Ban gama ba."

"Ka gama. Sauran na san shi. Za ka ce gonar doya ba ta kai kowa ko'ina ba." Barnabe ya sauke tabarau zuwa ido. "Yaran nan da kuke turawa Faransa, nawa ne suka dawo da abin da suka je nema?"

"Kaɗan."

"Sauran fa?"

"Sun dawo sun ga duniya."

"Sun dawo da gwiwa a karye da yaren da uwarsu ba ta ji. Ɗan gidan limamin cocinmu yana nan, kai ka tura shi. Yanzu yana zaune a bakin kanti yana ba yara labarin dusar ƙanƙara."

"Shi ba ya jin magana. Wannan yana ji."

"Wa zai ji a can? In ya faɗi a can, wa zai zo ya faɗa mini? Kai da kake tsallaken ruwa ɗaya ba ka zo ba."

"Ga ni na zo."

"A matsayin wa?"

"Kamar yaya a matsayin wa?"

"Tambaya ce mai sauƙi, Malam Mai Usur. Wanda ke zaune a tabarmata, wane ne shi a wurin yaron nan?"

Josue ya ji ransa ya fara ɓaci. Ya san inda aka dosa, ko ya zaci ya sani. Za a ce yana fifita ɗan 'yar'uwar matarsa. An sha faɗa a bayan idonsa a Numeya, kuma yana da amsar a shirye kamar harsashi.

"Kocinsa ne. Ba ƙari. Ban ɗauke shi don dangantaka ba, ba na riƙe shi don dangantaka. Ni ba ubansa ba ne, ba na kuma son a ɗauke ni haka. Ɗan wasa ne a cikin ashirin. Ranar da ya daina cin ƙwallo zai zauna a benci kamar kowa, in ya ci gaba in sallame shi."

Ya faɗe ta da ƙarfi, yadda yake faɗa wa iyaye a taro.

A waje kankarar kwakwa ta tsaya.

Josue bai lura ba. Mai hujja ba ya jin komai sai muryarsa.

Barnabe ya daɗe yana kallonsa. Fushin da ke fuskarsa ya sauka, wani abu da ya fi fushi muni ya hau.

"Ashe da gaske ba ka sani ba."

"Me?"

"Na ɗauka girman kai ne. Ashe jahilci ne tsagwaronsa." Ya dafa ginshiƙi ya miƙe, ya miƙa hannu cikin jinka sama da kansa, ya zaro wani ƙunshi. Ya kakkaɓe toka, ya warware, ya shimfiɗa kusa da yadin Josue.

Shuɗin yadi ne mai fararen furanni.

Josue ya san shi. Tare da Waimalo suka saye shi a kantin 'yan Sin, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo yana cewa za a fara atisaye. Ta ce riga za ta ɗinka. Bai taɓa ganin rigar ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

"Ina ka samo wannan?"

"Ita ta kawo. Lokacin da ka kwashi yara kuka tafi gasa a Tahiti. Likita ya riga ya gaya mata ciwon ba na tashi ba ne, kai bai gaya maka ba don ta hana. Ta zauna daidai inda kake. Mace ba ta magana a ɗakin nan. Ta yi. Wa zai hana Waimalo?"

Josue ya shafa gefen yadin.

"Ta tara ni da ƙanwarta da mijin ƙanwarta. Ta ce, 'Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni zan tafi. Mijina ba ya iya dafa ruwan zafi, ba ya iya neman taimako, in aka bar shi zai bushe a cikin littattafai. Kuna da maza biyar. Ku ba shi ɗaya.'"

"Ƙarya ne."

"A ɗakin nan?"

Josue ya sunkuyar da kai.

"Uban yaron ya yarda, danginsa suka yarda. Aka ce ta zaɓa. Ta ce wancan mai harbin kwakwa da ƙafa, su biyun za su fahimci juna. Na ɗora hannuna a kan yadin nan. An gama. Abu ɗaya ya rage: ka zo da ƙafarka, ka zauna, a miƙa maka, ka kira shi da sunan da ya dace. Ta ce kar a aika maka. Ta ce, 'Zai zo.'"

"Ranar jana'iza..."

"Ranar jana'iza za a faɗa maka, da yamma, bayan an sallami baƙi. Kai kuma ka hau jirgin rana."

"Ka ce da ni a gaban jama'a na auri ƙwallo na bar ƙanwarka ta mutu ita kaɗai!"

"Na faɗa. Ƙanwata na binne, bakina ba nawa ba ne a ranar. Da ka tsaya da ka ji sauran." Barnabe ya koma ya zauna. "Da ka kira uban yaron kana neman a ba ka shi makarantarku, me ya ce maka?"

Josue ya tuna. Ya ce masa ya je ya ga Barnabe. Da ya sake kira, ya sake cewa ya je ya ga Barnabe. Har faston garin da suka haɗu a kasuwar Numeya abin da ya ce ke nan. Shi kuma ya ɗauka sulhu ake so a yi musu, ya toshe kunne.

"Duk da haka kun turo shi."

"Mun turo shi. Muka ce in ya gan shi kullum zai zo. Ina ka ajiye shi? A masauki, gado na sama, da yara bakwai."

"Shi... ya sani?"

"Ranar da zai hau jirgi uwarsa ta gaya masa. Ta ce, 'Wurin ubanka za ka. Mai kunya ne, kar ka matsa masa. In ya shirya zai faɗa da bakinsa.'"

Abubuwa suka riƙa dawo wa Josue ɗaya bayan ɗaya, babu mai daɗi. Yadda yaron ke tsayawa bayan kowa ya watse, wai yana tattara ƙwallaye. Yadda in ya ci ba ya gudu wurin 'yan kallo, benci yake dubawa. Ranar iyaye da kowa ya zo da nasa, shi ya tsaya kusa da Josue, Josue ya aike shi ɗebo kujeru.

Kakar wasa biyu. Yaron na cin ƙwallo yana jira.

"To, ga yadda abin yake," in ji Barnabe. "Koci ba shi da abin roƙo a nan. Ba na ba koci jinina ya kai ƙetare. Yadinka ka naɗe abinka. Uba kuwa ba ya roƙo. Uba sanar da kawu yake yi, kawu ya sa albarka. In uban yaron ya ce ya buga ranar Asabar, ya buga. In ya ce ya tafi Faransa, ni zan raka shi filin jirgi."

"To ai..."

"Dakata. Na san dokarka. Har nan muka ji abin da ka yi wa ƙaton nan na Walis."

Uba ba ya zama a bencin da ɗansa ke bugawa.

Yanzu ne Josue ya gane inda aka dosa. Ajin nan shi ya raine su tun ƙwallo na kai musu gwiwa. Wasan ƙarshe na farko da makarantar ta taɓa kaiwa. Ya riga ya tsara komai, ya san ta gefen da ɗan bayan abokan karawar ke jinkirin juyawa, ya san minti nawa za su gaji. Ba Asabar kaɗai ba ce. Muddin yaron na ajin, shi sai dai ya sayi tikiti ya zauna da masu cin gyaɗa.

"Ana iya yin shiru har a gama wasan," in ji shi, a hankali. "Kwana nawa ne."

"Ana iya. Ka gwada yin shiru makon jiya. Yaya ta kaya?"

Wani abu mai kama da dariya ya kufce wa Josue ta hanci.

"Ko kuma ka karya dokar," in ji Barnabe. "Taka ce. Wa zai hana ka?"

"Soane zai hana ni. Ba zai ce komai ba. Zai dai dube ni." Ya shafa fuskarsa. "In na karya ta, baɗi kowane koci zai zo da ɗansa da ɗan ƙanensa. Makarantar ta mutu ke nan."

"To ka zaɓa."

"Ba wani zaɓi. Waimalo ta riga ta zaɓa. Kullum haka take yi, ta bar ni ina tsammanin ni na yanke."

Ya sa hannu a wuya. Usur ɗin ƙarfe ne, tsoho, igiyarsa ta yi baƙi da gumi. Ko coci da shi yake zuwa a ƙarƙashin riga. Ya cire, ya ɗora a kan shuɗin yadin, a tsakiyar furannin.

"Wa zai zauna a bencin?" in ji Barnabe.

"Matashin da ke taimaka mini. Ya san tsarin. Zai yi rawar jiki minti goma na farko, sannan ya warware. Za su ci." Ya gyara zama, muryarsa ta dawo daidai. "Yaya, na zo in sanar da kai. Yaron zai buga ranar Asabar."

Barnabe ya miƙa hannu. Ya ɗora shi a kan shuɗin yadin, sannan a kan sabon, ya bar shi ya daɗe.

"Na ji. Na karɓa." Ya share hanci da bayan hannu, ya ce hayaƙin murhu ne, alhali babu wuta. "Saura ɗaya. Kira shi ya shigo. Ba da lamba ba, ba da suna ba. Da abin da yake."

Josue ya juya ya fuskanci gajeriyar ƙofar. Mutumin da ya yi shekaru yana daka wa yara tsawa daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, yau kalma ɗaya ce ta tsaya masa. Ya buɗe baki.

Haske ya toshe a ƙofar. Marceline ce ta sunkuyo.

"Wai me kuka faɗa wa yaron nan?"

"Ba mu faɗa masa komai ba tukuna," in ji Barnabe. "Turo shi."

"In turo wa? Na fito in karɓi kwakwa na ga kwano a ƙasa. Na bi shi har bakin titi, ya riga ya tare motar masu zuwa tashar jirgin ruwa. Na ce ina za ka, ya ƙi dubana."

Josue ya miƙe har kansa ya bugi jinka.

"Tun yaushe?"

"Tun kuna ɗaga murya. Jirgin rana kuwa ba ya jiran kowa." Ta miƙo hannu ciki ta ajiye wani abu a kan tabarma, kusa da usur ɗin. "Wannan ya ce in ba ka."

Takalman ne, igiyarsu a ɗaure.

"Ya ce in gaya wa Koci ya gode. Ya ce ya ji da kunnensa, ba sai an sake faɗa masa ba. Wai ka zaɓi wani, akwai sha tara."

Josue ya tsaya a tsakiyar ɗakin, babu usur a wuya, bakinsa a buɗe.

Kalmar na nan a kan harshensa, gajeriya, ba ta kai numfashi ɗaya ba. Bai taɓa faɗa wa kowa ita ba a duniya.

Ɗana.